Ɗigon Shuɗi a Rijiyar Lalla

Litinin, 7 ga Afirilu 1986, bayan azahar

Ni na sa rijiyar. Ban taɓa faɗa ma kowa ba, ko Inna Biba, balle Kawu. Na rubuta shi nan ne don in ga yadda yake a rubuce, ga shi kuwa ko layi bai cika ba.

Bari in faro daga farko, kamar yadda ake yi cikin littattafai. Sunana Zaliha, shekarata sha shida. Bara anka sallame ni daga kwaleji saboda lissafi, tun sannan nike zaune nan Buza gidan Kawu Halidu, ƙanen mahaifiyata, da matarshi Inna Biba. Kawu shi ne mai zanen taswira a buron furojen ruwa, wato ofishin aikin samar da ruwa. Tun cikin sanyi ya fara zuwa da aiki gida cikin wani bututun ƙarfe, ya ce hasken buro bai isa. Sai ya jingina gilashin taga a bakin ƙofa inda rana ke bugawa, ya shimfiɗa tsohuwar taswirar Nasara, ya ɗora mata kalki, takardar nan da ake hango abin da ke ƙarƙashinta, ya miƙo mani alƙalami. Ni ke bin zanen, shi ke sa hannu a ƙasa. Ba zan rubuta dalili ba. Shi ma bai taɓa faɗi ba. Na dai lura in anka aje mashi shayi, da yatsa yake neman bakin kofin.

Watan jiya ya ba ni kalkin rijiyoyi. Aikin kawai shi ne duk inda na ga ɗan zagaye shuɗi a tsohuwar taswira in mayar da shi bisa kalki. Can bayan garin Allakaye, bisa dutsi, na iske wani suna da ƙananan baƙaƙe: Rijia Lalla. Na duba, na sake dubawa, babu shuɗi kusa da shi. Na ce a raina, wane irin gari ne za a ce ma Rijiya kuma a ce babu rijiya? Nasaran da ya zana bai jin Hausa, sunan kawai ya ji ya rubuta, bai san an riga an gaya mashi abin da ke wurin ba. Sai na gyara mashi. Ɗigo guda, bai kai ƙwayar dawa ba. Har daɗi na ji, ni da anka ce ba ni da kai.

Kuma sunan ya zauna mani a rai. Kwana uku ina shirya ma Lalla labari. Na ba ta dogon wuya da baƙin zane mai ƙyalli, na ba ta wani saurayi marar magana wanda ya gina mata rijiya don kada ƙaya ta sake sukar ƙafarta. Ya fi rabin littattafan Faransancin da nike aro wajen matar likita daɗi.

Yau da kalaci na ji Kawu yana ce ma Inna Biba wai da kalkin nan za a zaɓi garuruwan da za a gina ma rijiyar siminti. Yaya takarda ke zaɓen gari? Ina son in gani.

Laraba, 9 ga Afirilu, da la'asar

Na gani.

Na kai ma Kawu abincin rana buro, na iske an tada injin wuta, an kunna teburin nan mai fitila a cikinshi. Muntari ke tsaye a kai. Muntari shi ne saurayin da anka turo daga Yamai don ya tsara inda rijiyoyin za su zauna. Yana da agogo mai baƙar igiya, kuma in yana tunani yakan saƙala bik, wato biro, a bayan kunne ya manta, ya ɗauki wani. Yau biyu ne, kowane kunne da nashi. Ban taɓa ce mashi komi ba banda ina wuni.

Na aje kwano na maƙale jikin ƙofa. Ya ɗaga kai ya ce ma Kawu ɗiyar taka na son ganin sihiri, ta matso. Ƙafafuna ne sunka tahi, ba ni ba.

Ya fara da kalkin garuruwa, baƙaƙen ɗigo, kowane da yawan mutanenshi. Ya ɗora na rijiyoyi, nawa ke nan. Ya ɗora wani fari fes a bisa, ya ɗauki kwampa irin na lakkol, wanda ƴan makaranta ke zana zagaye da shi, ya buɗe shi santimita shida, ya ce wannan kilomita uku ke nan a ƙasa. Ya riƙa kafa tsinin a kan kowace rijiya yana juyawa, yana cika zagayen da ja. Duk garin da ja ya rufe, an ɗauka yana da ruwa kusa. Na ga sa'adda tsinin ya sauka kan ɗigona. Ya juya kamar sauran. Bayan nan ya kawo na hanyoyi, don babbar motar kayan gini ba ko'ina take hawa ba, sannan na koramu. Takarda biyar bisa juna, fitila na hudowa daga ƙasa, sai ga ƙasarmu duk ta yi ja, banda ƴan wurare farare nan da can da baƙin ɗigo cikinsu.

“Waɗanga su ne masu ƙishirwa,” in ji shi. “Ba ni na zaɓe su ba, Madmazel. Haske ya zaɓe su.”

Na tambaye shi, ni da bakina, in kilomita ukun na bisa dutsi ne fa, da hawa da gangara? Ya dube ni sosai, karo na farko, ya ce kwampa bai san dutsi ba, wannan ita ce lalurarshi. Ya juya ya ce ma Kawu, wa ya kori yarinyar nan daga lakkol? Kawu ya yi dariya yana kallon gefen da ba nan nike ba.

Rijiya goma sha biyu za a gina. Jerin sunayen zai tahi birnin Tawa ran talatin ga wata.

Alhamis, 10 ga Afirilu, da hantsi

“Haske ya zaɓe su.” Ko cikin littafi ban ga wanda ya faɗi haka ba.

Asabar, 12 ga Afirilu, da walaha

Tsohuwar taswira na nan gida cikin bututu. Na ɗaura zare a tsinke na auna santimita shida, na juya a kan Rijia Lalla. Ba garin kaɗai zagayen ya haɗiye ba, har da wasu ƴan tunga biyu a gefenshi. Mutum nawa ke nan? Tsohuwar taswira ba ta faɗi.

Daga nan abin ya kama ni. Na fita tsakar gida na yi ma randa zagaye da ƙafa. Akuya na ciki, turmi na ciki, ɗakin Kawu na waje duk da shi ya fi kowa shan ruwa. Amma akuyar a ɗaure take, kasancewarta ciki bai amfana mata komi ba. Sai na ga ashe zagaye na tsuntsaye ne, su ke tahiya kai tsaye. Da za a zana na mace mai tulu, ba zai yi zagaye ba, zai yi tsawo ta wajen hanya, ya tsuke ta wajen dutsi, kamar ganyen da tsutsa ta ci. Ina cikin zana ganyen Inna Biba ta leƙo ta ce in duba na koya, in duba mata inda ludayinta ya shiga.

Talata, 15 ga Afirilu, bayan azahar

An manna sunaye goma sha biyu a ƙofar buro. Na karanta sau biyu ina riƙe da kwano. Rijiyar Lalla ba ta ciki.

To ai dole, tunda suna da rijiya. Suna da ita. Ba a sa ma gari suna haka kawai.

Alhamis, 17 ga Afirilu, da azahar



Na iske jakai biyu a gindin iccen bedin da ke ƙofar buro, wata tsohuwa na zaune tana tsaronsu. A ciki kuma wani dogon dattijo ne tsaye da rawani har bisa hanci, Hausarshi irin ta mutanen da iyayensu ke jin Tamajak. Sunanshi Alƙasim, shi ne mai garin Rijiyar Lalla. Ya ce tun bara anka zo anka ƙirga su, mutum ɗari uku da wani abu har da tunga biyu, anka ce su jira. Sun jira. Yanzu sun ji an fidda sunaye ba su ciki.

Muntari ya ba shi kujera, ya ce Baba yaya sunan garin naku? Da ya faɗi, gardi mai tsaron buro ya fashe da dariya daga bakin ƙofa.

“Suna ne, ɗana,” in ji Alƙasim. “Ni ma malamai sun ce sunana mai rabawa ke nan, ga ni na zo roƙo.”

Muntari bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce duk mako ana zuwa mashi da irin maganar nan, har akwai garin da sunka rufe rijiyarsu da tabarma sunka shanya kuɓewa a kai ranar da ya je. Ya kunna tebur ya nuna mashi ɗigon. Ya ce shi ya san tsohuwar taswira ba ta cika ba, shi ya sa yake dogara da Baba Halidu, wanda ya yi shekara ashirin yana taka ƙasar nan yana ƙara abin da ya gani da idonshi. Sannan ya ce, Baba Halidu, zo ka duba, kai ka sa wanga?

Kawu ya tashi. Ya sunkuya har hancinshi ya kusa taɓa gilashi. Ya ɗora yatsa, yatsan ya sauka can wajen garin Karofane, taƙi guda daga inda ake magana. Muntari na kallon Alƙasim, bai lura ba. Ni na lura.

“Abin da ke bisa kalki,” in ji Kawu, “na sa mashi hannu.”

Muntari ya ce ƙaramar motar buro na garin Madawa wajen gyara. In ta dawo kafin talatin zai hau dutsin ya gani da kanshi, in ba ta dawo ba, takarda zai bi.

Ina tsaye. Miya ta ɗiga mani a ƙafa. Na aje kwano na fito.

Ranar dai, bayan la'asar

Inna Biba ta ga tsohuwar a hanyar kasuwa ta jawo ta gida ta sha fura kafin su juya. Ita ce Lalla. Tana da rai. Wuyanta gajere ne, haƙoranta biyu, kuma ta fi kowa da na sani surutu.

Ta ce Alƙasim ya ɗauko ta ne don shaida, kamar ita ce rijiyar, za a leƙa ta a ga ba ruwa, kuma bai ma kai ga kiranta ba. Inna Biba ta tambaye ta asalin sunan. Ta ce mijinta ne, Hamani, tun tana amarya ya fara gina rijiya a bayan gida, shi kaɗai da dagi da ƙwarya. Ban san sa'adda bakina ya buɗe ba, na ce Kaka, so ne ya sa shi?

“So?” Ta yi dariya har da tari. “Mita ce, ɗiyata. Shekara biyu na hana shi sakat.”

Sai ta juya ludayi cikin fura. Ta ce amma fa rani uku ya yi cikin ramin. Gaba ashirin da bakwai. Ranar da ya iske baƙin dutsin da dagi bai ci, ya fito ya zauna bakin ramin, kwana biyu bai sa komi a baki ba. Mutane sunka mayar da abin ba'a, in an ce ina za ka sai a ce Rijiyar Lalla, zan sha ruwa. Da Nasara mai ƙarfen awon ƙasa mai ƙafa uku ya zo ya tambayi sunan wurin, haka anka gaya mashi, ana ƙunshe dariya. Yanzu ramin na nan an rufe shi da ƙaya saboda awaki.

Ashe Nasaran bai yi kuskure ba. Ya leƙa.

Ruwa kuwa, ta ce mata na tashi da sallar asuba su gangara fadamar Allakaye da jakai, su dawo da azahar. Tun farin da ya wuce ƴan ramukan kusa sunka ƙafe. Gida tara sun riga sun tashi. Sauran sun ce in bana ba a gina ba, da an yanke gero za su bi su. Ita dai ba ta zuwa ko'ina, Hamani na nan kwance a kabari, sai dai su bar mata jaki guda.

Da ta gama na ɗauraye ƙwaryar na watsar da ruwan kamar kullum. Lalla ta bi shi da ido har ƙasa ta shanye.

Juma'a, 18 ga Afirilu, da hantsi

Gaba ashirin da bakwai. Na auna da hannuna a tsakar gida, gidan bai isa ba.

Lahadi, 20 ga Afirilu, da azahar

Na buɗe littafin da na aro, na karanta shafi guda sau huɗu. Wai yarinyar cikin labarin ta suma don saurayin bai gaishe ta ba.

Talata, 22 ga Afirilu, bayan la'asar

Na san yadda ake kankare tawada da reza, Kawu ya koya mani. Jiya duk wuni tunanin da nike ke nan, in shiga buro sa'adda sunka tahi salla in kankare. Amma ko ɗigon ya fita, jan zagayen na bisa wata takardar, sunayen kuma an riga an buga su. Abin ya ba ni mamaki. Ɗigon ya haifi zagaye, zagayen ya haifi jerin sunaye, yanzu ko uwar ta mutu ƴaƴan na nan.

Don haka sai takarda. Tunda nan ba mai gani, bari in faɗi: akwai wasu guda shida a ƙasan akwatina da na rubuta ma Muntari tun watan jiya, ba wadda ta taɓa fita ɗaki. Wannan ce ta bakwai, kuma ita kaɗai ce babu farin wata a ciki. Da Faransanci na yi ta, tunda maganar buro ce. Ta farko ta fito kamar ta littafi, har da zuciyata na rawa, na yaga. Ta biyu ta yi tsawo. Ta uku layi biyar ce: ni Zaliha na ƙara rijiyar da hannuna saboda sunan garin, babu ita a tsohuwar taswira, ya duba zai gani, babu wanda ya sa ni, babu wanda ya sani.

Sai dai zai tambaya mi ya kai alƙalamin furoje hannuna. Amsar nan ba tawa ba ce. Saura shekara biyu Kawu ya aje aiki da mutuncinshi, kuma buro ba ya riƙe mai zanen da

A'a. Na ce ba zan rubuta ba.

Akwai kuma wani abu. In su Lalla sunka shiga, gari na sha biyu zai fita. Na karanta sunanshi a ƙofa. Ina ƙoƙarin kada in shirya mashi labari.

Alhamis, 24 ga Afirilu, da azahar

Mota ba ta dawo ba. An ce wani ƙarfe ake jira daga Yamai.

Na je da takardar a ƙulle cikin haɓar zane. Muntari ya gan ni ya ce, Madmazel, kin samo mani kwampan da ya san dutsi? Na aje kwano na fito da sauri har na tuntuɓe da ƙafar gardi.

Kawu ya dawo da abincin yadda na kai shi. Ni ma ban ci nawa ba. Inna Biba ta ce gidan nan an fara azumi tun wata bai tsaya ba, a gaya mata ta huta da daka.

Asabar, 26 ga Afirilu, da walaha

Saura kwana huɗu. Yanzu haka matan Rijiyar Lalla suna hawan dutsin da jakai.

Lahadi, 27 ga Afirilu, bayan la'asar

Kawu na zaune bisa tabarma a inuwar zaure, ya kira ni. Ya ce Zali, kwana biyar ina jin kina yaga takarda, karanta mani wadda ta tsira.

Na so in ce ta ƙawata ce. Na ɗauko. Na durƙusa na karanta, muryata kamar ta wata. Layi biyar ba su da tsawo, amma sai da na tsaya sau biyu.

Ya daɗe yana ta murza bakin hularshi. Na jira faɗa, har na shirya inda zan kalla. Can ya ce, yaya kinka rubuta rijiya da Faransanci? Na faɗa mashi baƙi baƙi, p, u, i, t.

“Akwai s a ƙarshe,” in ji shi. “Ko guda ce. Ko babu ita ma.”

Dariya ta kama ni, kuka ya biyo ta, ban san wadda zan fara tsayarwa ba. Na ce Kawu, in ya tambaye ni yadda anka yi alƙalamin ya zo hannuna fa?

“Takardarki ce, Zali. Ni ban ga abin da ke ciki ba.”

Wannan ne karo na farko da na ji ya ce bai ga wani abu ba. Bai ce in kai ba, bai ce kada in kai ba. Ya miƙa hannu yana neman buta, na tura mashi ita kusa, ya ce a'a, bar ta inda take, ki dai gaya mani, dama ko hagu.

Na ce dama.

Litinin, 28 ga Afirilu, da hantsi

Na ƙara s ɗin. Ya ɗan matse amma ana ganinshi.

Na yi ta juya abin tun asuba. Wataƙila su sallami Kawu. Wataƙila su bar shi ya riƙa faɗa wani na zanawa, tunda ƙasar na cikin kanshi, ban sani ba. Muntari kuma ba zai sake cewa wa ya kori yarinyar nan daga lakkol ba, zai san dalili. Wannan ya fi yi mani zafi fiye da yadda ya kamata, kuma na ji kunyar hakan.

Amma jibi sunaye za su tahi Tawa, in sunka tahi ba su dawowa.

Kawu ya sa babbar rigarshi ta Juma'a, yau Litinin, ya fita tun ɗazu. Inna Biba na zuba miya. Na sa takardar cikin ambulan, na ɗauko bututun da tsohuwar taswira a ciki don ya duba da kanshi. Ba zan aje ta bisa tebur in gudu ba. Zan miƙa mashi hannu da hannu, in tsaya har ya karanta, in ya tambaya in amsa. Ban san inda zan sa idona ba, amma zan tsaya.